Lefen Kaka

Duk sanda aka hure kyandir, wannan ɗan hayaƙin da ke tashi da warin kaki mai zafi sai ya ɗauke ni ya kai ni wata rumfar kwano a bayan tsibirin Penang, ina ɗan shekara takwas, riƙe da wani ƙyalle da ko a tsumman goge-goge ba zai yi kasuwa ba. Jiya ma haka ta faru da ni a wani gidan cin abinci a nan Cheras, unguwarmu ta Kuala Lumpur. Mutanen teburin da ke kusa da namu suna murnar ranar haihuwar 'yarsu, su suna tafi, ni na yi nisa. Bari in ba ka labarin, amma sai na faro daga zuwan Kaka, don ba don ita ba babu abin da zai kai mu rumfar nan.

A Kuala Lumpur na yi wayo. Ina goye aka kawo ni, lokacin da Abba ya samu gurbin ƙaro karatu. Muna zaune a wani dogon bene, ɗaki biyu da falo, maƙwabcinmu na dama ɗan Sin, ta hagu wata Ba'indiya mai yawan turare. A gida Hausa Umma da Abba suke yi min, ni kuma in mayar musu da Turanci ko Malayanci. Ina jin komai, bakin ne dai ya ƙi. A makaranta kuwa an koya mana ladabin mutanen ƙasar: in ka ga babba sai ka kama hannunsa da hannu biyu, ka sunkuya ka kai shi goshinka. Ba a ɗaga wa tsoho murya, ba a yi masa wasa. Na riƙe wannan gam, har malamai suna ba da misali da ni, ni kuma ina ta hura hanci.

Da Umma ta haifi ƙanena, sai aka ce mahaifiyarta za ta zo daga Kano ta yi mata wankan jego. Ni da Abba muka je tarbarta. Ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin ƙaton mayafi, tana jan jakar da aka ɗaure da igiya, 'yan haƙoran da suka rage mata sun yi ja da goro. Na matsa da saurina, na kama hannunta, na kai goshi yadda aka koya min. Ta ja baya kaɗan, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan ne mijin nawa? Wannan mummunan mai kunnuwa kamar marfin tukunya? To ku mai da ni jirgina, an cuce ni."

Abba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa babu kalmar da ban fahimta ba a ciki, kuma duk sun shige ni.

Kai da ka tashi a Kano ko Katsina na san yanzu murmushi kake yi, don ka gane wasan kaka da jika ne, wanda kowane gida ake yi. To ni wa ya gaya min? Babu wanda ya taɓa tunanin abu ne da ake zaunar da yaro a koya masa. Kullum da safe kafin in gama wanke ido sai in ji, "Maigida, ina cefane? Ka kwana kana minshari ka bar ni da yunwa." In an zuba abinci ta miƙo hannu ta ɗauke naman da na ajiye a gefe don ƙarshe. Ta ɓoye min takalmin makaranta ƙarƙashin filonta, wai sai na fanshe shi. Ita tana jira in ce wani abu, ni kuma ina tsaye ina haɗiyar zuciya, ina tambayar kaina me na yi wa tsohuwar nan da ta tsane ni haka.

Ban da wannan, gidan ya yi daɗi da zuwanta. Tun da sassafe za ka ji tukwane biyu da butar lantarki duk suna tafasa, don ba ta yarda da ruwan famfon wanka ba, ta ce wannan ɗumi ne ba zafi ba. Ta yi ta cigiyar ganyen darbejiya har maƙwabciyarmu Ba'indiya ta gane abin da ake nufi, ta dinga tsinko mata dami guda daga wajen ɗakin ibadarsu. Ƙamshin kunun kanwa ya cika benen, ɗan Sin yana leƙowa yana tambayar ko magani muke dafawa. Ga kunyar suruki a gidan da ba shi da zaure ba shi da tsakar gida. Da Abba ya shigo sai ta ɗauki kwanonta ta koma bayan ƙofa, shi kuma ya riƙa tari tun daga matakala don ta san ya iso.

Ranar da abin ya fashe, matan ɗalibai 'yan'uwanmu ne suka zo barka, falon ya cika. Na shigo da faranti, Kaka ta nuna ni da baki ta ce, "Ga shi nan, rago. Ko kaza bai taɓa yanka min ba. Ni kam na gaji da auren nan." Matan suka kwashe da dariya. Na dire farantin, na fashe da kuka, na ce mata da Turanci ta koma ƙasarsu, ba na son ganinta. Ba ta jin Turanci, amma irin wannan magana ba ta buƙatar tafinta. Umma ta yunƙura za ta kama ni, Kaka ta riƙe mata zane.

"Ƙyale shi. Bai san ni ba."

Daga ranar ta canja. Da safe sai ta ce, "Ina kwana, Malam ƙarami, an tashi lafiya?" Naman da ya fi girma shi take tura min. Takalmina kuwa a bakin ƙofa nake samunsa, an goge. Da farko na ji daɗi, na ce na yi maganinta. Amma wasan bai mutu ba, wuri ya sauya. Sai ta ɗora jaririn nan a cinya tana jijjiga shi, "Angona, kai ne na kirki. Dubi hancinsa kamar an taka, amma haka nan zan zauna." Ina bakin ƙofa ina kallo. Abin da nake gudu jiya, yau shi nake kishi, kuma ban san sunan abin da ke cina ba. Na dai san in ta ce min "Allah ya yi albarka" da muryar nan mai sanyi, irin wadda take yi wa yaron da ke kawo mana tukunyar gas, sai in ji kamar an rufe ƙofa an bar ni a waje. Sai da na girma Umma ta gaya min cewa kafin Kaka ta taso ta cika unguwa da labarin za ta je ganin mijinta na ƙasar waje. Ni ne jikanta na fari.

A tsakanin nan ne na koyi kalmar lefe. Ƙanen Umma zai yi aure, an ɗora wa Kaka sayen kayan akwati, ni kuma aka mai da ni tafinta. Muka yi ta zarya a shagunan yadi na titunan Jalan Masjid India da Jalan Tuanku Abdul Rahman, tana murza yadi tsakanin yatsu, tana ɗaga shi ga haske, tana kushe shi a gaban mai shi kafin ta taya. Na tambayi Umma kayan na wane ne, ta ce su ango ke kai wa amarya. In mun dawo Kaka sai ta ce min, "An gode, Malam ƙarami," ta shige ɗaki.

Bayan an yi arba'in aka fara maganar komawarta. Wani abokin karatun Abba, Bamalaye, ya ce abin kunya ne tsohuwa ta zo ƙasarsu ta koma ba ta ga teku ba. Shi ɗan wani ƙaramin gari ne a bayan tsibirin Penang, ya ce mu zo mu kwana biyu a gidansu. Muka hau doguwar mota da safe, muka yi ta ratsa gonakin kwakwar manja da ba sa ƙarewa. Kusa da Kaka aka zaunar da ni. Da muka hau gadar da ta ratsa teku, ruwa dama ruwa hagu, ta runtse ido ta kama salati, ta damƙe hannun kujera. Dariya ta taso min na danne. Ta buɗe ido ɗaya ta kama ni ina dannewa. Na ga leɓenta ya motsa, na ga maganar ta zo har baki, sai ta haɗiye abarta ta mai da ido ta rufe.

Garin yana bayan duwatsu, sai an bi wata hanya mai lanƙwasa ta cikin lambunan durian, wannan 'ya'yan itace mai ƙaya da wari, da bishiyoyin gyaɗar ƙamshi. Titi ɗaya ne na kirki a cikinsa. Tsofaffin shaguna ne jere, masu hawa biyu da tagogin katako, bangonsu duk ya yi gansakuka saboda ruwan sama da ba ya ɗaukewa a can. Masu zane ne suka kama yawancinsu haya. Wani yana sassaƙa ƙoƙon kwakwa, wata tana ginin tukwane, wasu samari masu dogon gashi sun kafa alluna a bakin ƙofa suna zana jiragen masunta. Iska tana kawo ƙarnin busasshen kifi da warin fenti. Kaka ta ja mayafi ta ce wa Umma, "Ƙatti da su, ba noma ba kasuwa, sai shafe-shafe." Amma da muka zo gaban hoton wata tsohuwa tana sheƙar shinkafa, ta tsaya har muka yi nisa sai da aka koma aka kira ta. Ta ce wanda ya zana wannan ya sha ganin uwarsa tana yi, ai haka ake riƙe faifai.

A ƙarshen titin gwaggon abokin Abba take da rumfarta. Makcik ake ce mata, kamar yadda ake kiran kowace dattijuwa a can. An ɗaure fararen yaduka a jikin katakai, ga tukunyar kaki a kan ƙaramin risho tana narkewa. Akwai wani ɗan ƙoƙon tagulla mai siririn baki a kan sanda, da shi ake ɗibar kakin a yi zane a yadin, sannan a shafa launi, kakin ya hana wani launi shiga gonar wani. Kaka ta leƙa ta ce ai rini ne, sai dai mu da zare muke ɗaurewa, su da kaki. Suka zauna a tabarma ita da Makcik, ba mai jin yaren wata, suna nuna wa juna gefen zane suna gyaɗa kai.

Ana haka jikokin Makcik suka dawo daga makaranta. Ɗaya bayan ɗaya suka kama hannunta suka kai goshi, ta shafa kansu, suka wuce sum-sum. Kaka ta bi su da kallo, sannan ta juyo ta dube ni, ta daɗe. A hankali ta ce wa Umma, "Ashe haka suke yi da nasu."

Makcik ta ba ni ɗan ƙyalle da ƙoƙon kakin, ta ce in gwada, "Boleh, boleh," wato zan iya. Na ce jirgin ruwa zan zana. Kakin yana ta ɗiga inda ban aike shi ba. Abba ya zo ya tsuguna kusa da ni yana kallo. Ban san sanda tambayar ta fito ba.

"Abba, why did she stop?"

Ya gane tsokanar da Kaka ta daina nake nufi. Ya ce, "Kai ka kore ta mana." Sannan ya ce, "Ka ji, a wurinmu kaka ba ta zagin ɗan maƙwabta. Nata take zagi. Kuma in ta zage ka, jira take ka rama."

Na ajiye ƙoƙon. Ramawa? A ce wa tsohuwa magana? Duk abin da aka koya min a makaranta ya ce a'a. Amma na tuna yadda take tsayawa bayan kowace tsokana, kai a karkace, ido a kaina. Ashe ba jira take ta ga na yi kuka ba.

Na gama shafa launukan. Da yake kakin bai haɗe ba, shuɗi ya bi ta kafa ya shiga ja, ja ya shiga kore, duk suka haɗu suka zama kalar ruwan kwata. Jirgin kuwa ya fi kama da ƙadangaren da mota ta bi ta kansa. Aka shanya shi a rana ya sha iska, sannan na ciro abina tun bai gama bushewa ba, na nufi tabarma. Na ɗora mata a cinya.

Ta duba, ta yi murmushin nan na baƙi. "Kai, sannu da ƙoƙari, Malam ƙarami. Allah ya yi al..."

"Ba kyauta ba," na katse ta da gurguwar Hausata. "Lefe ne."

Umma ta ɗago. Kaka ta dube ni kamar tana auna ko ƙasar za ta ɗauki ƙafarta. Sannan ta ɗaga ƙyallen da yatsu biyu, ta juya shi gaba da baya, ta ɗaga shi ga haske yadda take yi a shagon yadi.

"Lefe? Wannan? Ko ɗankwali bai kai ba. Ni ka ga na yi sabon miji. Ga shi can a bayan uwarsa, akwatuna ya yi min alkawari."

Ta karkata kai tana jira. Na tattaro duk Hausar da na tara a cikina tun ina goye.

"Shi babu haƙori. Ke ma babu haƙori. Wa zai tauna muku nama?"

Ban taɓa jin dariya irin wadda Kaka ta yi ranar ba. Ta faɗa jikin Makcik, ta tashi, ta sake faɗawa, har tari ya sarƙe ta aka miƙo ruwa. Ta manta da suruki yana wurin, mayafi ya zame. Hawaye ya wanke mata fuska, kuma ban ce duka na dariya ba ne. Ta fizgo ni ta matse a jikinta, tana cewa, "Ja'iri, ashe da bakinka. Mummuna, ashe da bakinka." Na ji warin goro da man zafi, na ƙi tashi.

Makcik ta matsa sai an gaya mata abin da na ce. Da abokin Abba ya fassara, sai ta dafe ƙirji, ta dube ni, ta dubi Abba, tana jiran ya ɗauke ni da mari. Abba ya yi ta fama da bayani, wai a wurinmu wannan ƙauna ce. Ta girgiza kai, alamar ba ta gamsu ba, amma da ta ga Kaka ta ɗaura ƙyallen a kan ɗankwalinta, launi yana bin goshinta, ita ma ta saki dariya. Haka Kaka ta bi titin nan har bakin teku da ƙadangarena a ka, masu zane suna leƙowa.

Kwanakin da suka rage mana kaɗan ne, amma mun ci su da kyau. A bakin ruwa ta ƙi matsawa kusa, na ce mata matsoraciya, ta ce ai mijin ƙwarai goya ta zai yi. Na ɓoye mata goro a aljihun Abba, inda na san kunya ba za ta bar ta ta taɓa ba. In ka ji ina Hausa yau har ina rubuta ta, to ba a aji na fara ba. Neman abin da zan rama wa tsohuwar nan ne ya buɗe min baki, don bayan ta koma kullum aka kira Kano sai na kwana da shirina.

Mun sake haɗuwa lokacin da na yi 'yan shekaru a Kano ina sakandare, sannan karatu da aiki suka dawo da ni nan. Maganarmu ta ƙarshe a waya ce, tana kwance, murya ta yi ƙasa. Ta ce, "Maigida, ka ba ni takardata. Na gaji da auren waya." Na ce ba zan bayar ba, in na sake ta wa zai kwashi tsohuwa? Ta yi 'yar dariya ta ce Allah ya isa. Ba a rufa mako ba aka kira ni aka ce ta rasu. Na yi kuka sosai, kuma har yanzu ina kewarta.

Bara na koma garin nan na bayan Penang da iyalina. An gyara titin, an zana manyan fuskoki a bangon shagunan, baƙi suna layi suna ɗaukar hoto. Rumfar Makcik ta zama wurin shan kofi. Ban ji haushi ba, gari ma yana da haƙƙin ya canja. Canjin da ya tsaya min a rai a cikin gidana yake.

Yanzu Umma ce kaka. Tana Kano, ɗana yana nan, a waya suke ganin juna. Shekarun da ta yi a ƙasar nan sun sa ta iya lallashin yaran zamani. Takan ce, "How is school, my dear?" shi kuma ya ce, "Fine, thank you, Grandma." Ladabi kamar a banki. Rannan na kasa daurewa, na karɓi wayar na ce, "Umma, ki riƙa tsokanarsa mana."

Ta ce, "In sa shi kuka, kamar yadda aka sa wani?"

Na ce, "Ki sa shi."

Na ga tana kallon gefe, na san wa ta tuna. Sannan ta gyara zama, ta ce in miƙa masa. Muryar da ta fito ba irin tata ta kullum ba ce.

"Kai, mummuna, ina cefanena?"

Yaron ya juyo ya dube ni, ido ya ciko, yana jira in shiga tsakani. Na ɗauke kai na fita baranda, na bar shi da matarsa.